Tiren bayan Hilux ya buge yarona, kuma yayan matata ne ya ɗaura shi

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo, daga wani mai sana'ar haɗa sola. Na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu da nake ɗaukar kayan aiki da ita. Ciwon baya ya dame ni saboda hawa bodi da jawo batura, sai na sayi irin tiren nan na ƙarfe mai tafiya a kan boris, wanda ake jawowa waje kamar durowa. Na hannu ne, daga waje aka kawo shi, ba takarda, ba notocinsa. Yayan matata mai walda ne, shi ya ɗaura mini a kan robar bodin da notoci huɗu, ya wuni yana yi, ko sisi bai karɓa ba. Idan ba kaya lafiya lau yake tafiya. Amma da na ɗora batura huɗu sai ya cije a rabi, yana gogar ƙofar baya, gabansa kuma yana ɗagawa. Sakatarsa wani lokaci ta kama, wani lokaci ta ƙi. Makon jiya a wani gida mai gangare, yarona ya buɗe ƙofar baya, tiren ya zubo da kansa ya buge shi a cinya. Allah ya kiyaye, bai karye ba. An rubuta 1000 a jikinsa, ni kuwa ban taɓa ɗora masa ko rabin haka ba. Ina jin nauyin in ce wa Yaya aikinsa bai yi ba. In cire in sayar ne, ko in kai wa wani ya gyara a ɓoye?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa, ya ba yaron lafiya.

Da shi zan fara. Ka ce bai karye ba, amma ban ji ka ce an duba shi ba. Idan har yau cinyar na kumbure, ko yana ɗingishi, ko ba ya iya taka ƙafar sosai, ka kai shi asibiti a yi masa hoto. Yaran sana'a ba sa son maigida ya ga kasawarsu, sai ya ce maka ya warke alhali da dare ba ya barci. Amana ce iyayensa suka ba ka.

Abu na biyu, tun kafin ka gama karanta wannan amsa: kada ka sake ɗora wa tiren nan kaya sai an gyara shi, in ban da ranar da za ka nuna wa Yaya matsalar. Ka tura shi ciki, ka ɗaure shi tamau da bel ko igiya mai ƙarfi a jikin ƙugiyoyin bodi ta gaba, yadda ko an buɗe ƙofar baya ba zai motsa ba. Tire mai ɗauke da kilo 300, a gangaren da ya sauka mita ɗaya cikin mita goma, yana turowa da ƙarfin kusan kilo 30 tun yana tsaye, kuma da ya fara gudu a kan boris nauyinsa duka ke biyo shi. Da ƙaramin yaron gidan ne ke tsaye a wurin, a kai ko a ƙirji zai same shi. Shi ya sa maganar jin nauyin Yaya, duk da na fahimce ta, ba ita ce a gaba ba.

Yanzu lambar nan 1000. Ka koma ka duba da kyau ko akwai haruffan LBS, wato laba, kusa da ita. Cikin irin waɗannan tirori na hannu akwai waɗanda daga Amurka suke fitowa, can kuwa da laba suke awo, ba da kilo ba. Laba 1000 ba ta wuce kilo 450 da 'yan kai ba. Batir ɗin sola mai ruwa, irin mai 200 ko 220Ah da kuke ɗauka, kowane ɗaya yana kai kilo 60 ko sama. Huɗu sun ba ka 240. Ƙara inbata, waya, akwatin kayan aiki, ka kai 300. Ka ga kana cikin kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa kenan, ba ƙasa da rabi ba kamar yadda ka zata. Kuma masu ƙera shi suna ba da wannan lamba ne a kan sharaɗin an baza kayan ko'ina a kan tiren, an kuma ɗaure shi yadda suka tsara. Ina kyautata zaton kai a bakin ƙofa kake jera baturan don su yi sauƙin saukewa. Kowa haka yake yi, kuma nan ne inda suka fi wahalar da shi.

Ka tuna yadda ake ɓamɓare dutse da dogon ƙarfe. A sa ƙaramin dutse a ƙarƙashi, a danna wannan kai, wancan kai ya ɗaga. Tirenka idan ya fito waje haka yake zama. Notocin baya, na kusa da ƙofa, su ne ƙaramin dutsen. Baturan su ne hannun da ke dannawa. Notocin gaba, na kusa da kan mota, su ake fizgowa sama. A ce tsakiyar nauyin kilo 240 ta wuce notocin baya da santimita 60, notocin gaba kuma suna santimita 120 daga can, to ana jan su sama da ƙarfin kilo 120, ban da nauyin tiren kansa, ban da girgizar da ake yi idan ya kai ƙarshe ya daki matsayarsa. Daɓen bodin Hilux kuwa fallen ƙarfe ne siriri, kaurinsa wajen milimita ɗaya. An yi shi ne don a danne shi da kaya, ba don a ja shi sama ta ƙaramin rami ba.

Na taɓa shiga ƙarƙashin wata mota a gareji da tocila, mai ita yana kukan irin naka. Wajen notin gaba, ƙarfen daɓen ya kumburo sama kamar an kifa ƙaramin kofi, ƙaramar washar da aka sa ta lotsa ta fara shigewa cikin ramin, gefen ramin ya tsattsage, tsatsa ta bi tsagar ja-wur. Sauran kaɗan notin ya fice gaba ɗaya. Ina so ka kwanta a ƙarƙashin taka yau ka duba. Idan ka ga kumburin nan, ka gano dalilin ɗagawar gaban.

Maganinsa ba tsada. A ƙarƙashin kowane noti a sa fallen ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, faɗinsa kamar tafin hannu, a goge kusurwoyinsa su yi kwana don kada su huda daɓen. Shi zai raba jan a kan fili mai faɗi. Idan ramin zai iya faɗawa a kan ɗaya daga ƙarafan da suka gitta ƙarƙashin daɓen, ya fi. Notin ya zama mai kaurin milimita 10, wanda aka buga 8.8 a kansa, alamar ƙarfinsa kenan, da macen noti mai roba a ciki wadda girgiza ba ta kwance ta. Notin da ba a rubuta komai a kansa ba, ka bar shi a kasuwa. Idan akwai hali a ƙara biyu a gaba su zama shida. Kada a huda shasi, kada a yi masa walda.

Idan za a huda sabon rami, a leƙa ƙasa tukuna, a leƙa sau biyu. Tankin mai yana ƙarƙashi a gefe ɗaya, gaba da tayoyin baya, wato kusa da inda notocin gaba suke sauka. Akwai bututun mai da na birki da wayoyin fitilun baya, ga safaya a can baya. A zura guntun fayif a jikin bakin injin huda, a bar abin da bai wuce santimita ɗaya ba a waje, yadda ko hannu ya kuɓuce ba zai zarce ya sami tanki ba. Kowane rami, sabo da tsoho, a goge shi a shafa fenti, a cike gefensa da silikon kafin a sa noti. In ba haka ba damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama.

Sai robar bodin, wadda ina ganin ita ce rabin matsalarka. Wannan roba ba ta kwanta lif a kan ƙarfe, kuma ita da daɓen duka tudu-da-kwari gare su. Idan aka ɗaure ƙarfe a kanta, ranar farko sai a ji ya ɗauru. Rana ta buga, kaya suka danna, robar ta lotse, notin ya saki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wani gefen ya fi wani lotsewa, sai firam ɗin ƙasa, wanda layukan boris ke jikinsa, ya murɗe. Idan ba kaya, akwai ɗan sarari a cikin layin da ke ɓoye murɗewar. Da nauyi ya hau, sararin ya ƙare, boris ya cije. Wannan shi ne abin da ka kwatanta daidai. Ko dai a cire robar gaba ɗaya, ko a yanke ta a wuraren da firam zai zauna, a sa guntayen ƙarfe masu tsayi ɗaya, ƙarfe ya hau kan ƙarfe. Inda noti ya faɗa a kwarin daɓen, a cike kwarin da ƙarfe har ya zo daidai da tudun, don kada ɗauri ya janyo firam ɗin ƙasa.

Kafin ku kwance komai ku yi wannan gwaji, ba ya cin minti goma. Mota a fili mai lebur, tire ba kaya. Ku auna firam ɗin da tef daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan daga ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya. In sun bambanta da fiye da milimita uku ko huɗu, ya karkace. Ku auna faɗin tsakanin layukan biyu a gaba, a tsakiya, a baya. Sannan ku sassauta notocin huɗu ku duba ko wata kusurwa ta tashi ta bar sarari. Kusurwar da ta tashi, ita ake cika wa washa, ba ita ake ƙara ɗaurewa ba. Ku kuma leƙa cikin layukan. Inda boris ke cijewa za ku ga fenti ya goge, ƙarfen yana sheƙi a gefe ɗaya kawai.

Gogar ƙofar baya ba ta da wuyar ganewa. Ƙofar idan ta buɗe ba lallai ta kwanta daidai da daɓen ba, sau da yawa bakinta ya fi tudu, balle in akwai roba a kanta. Tire kuma yana ɗan sunkuyawa idan ya fito da kaya. Guntayen ƙarfen nan da za a sa a ƙasa su ɗaga firam ɗin duka, har ya zama yatsa na shiga tsakanin tiren da ƙofar alhali yana ɗauke da cikakken kayansa. Kada a bar ƙofar ta zama ita ke tallafe shi. Abin da ke riƙe da ita a gefe biyu ba don wannan aka yi shi ba.

Game da boris, ina da tambaya: kun shafa giris a layukan? In kun shafa, ka sa yatsa ka lakato ka murza. Za ka ji yashi a ciki. Giris a buɗaɗɗen bodi, a garin da ake hunturu, tarkon ƙura ne, kuma idan ya haɗu da yashi sai ya koma abin goge ƙarfe. A wanke layukan da kananzir, a goge su bushe, in za a sa wani abu a fesa irin man silikon da ke bushewa. Kowane boris a juya shi da hannu. Wanda ke gurnani, ko yake girgiɗi, ko ya ƙi juyawa, a canja shi tare da abokinsa na ɗaya gefen. Lambarsa na rubuce a gefensa. Idan ka ga irin su 6203, wanda raminsa milimita 17 ne faɗinsa 40, ba zai yi maka wuyar samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ba. Ka nemi mai 2RS a ƙarshen lambar, shi ne mai murfin roba gefe biyu, man sa na ciki, ƙura ba ta shiga da sauƙi. Amma ka tafi da tsohon a aljihu, domin kayan Amurka wani lokaci da inci aka auna su, sai ka sayo wanda ya yi kama amma ya ƙi zama.

Sakatar kuwa, mai yiwuwa ita ma murɗewar ce ta hana ta. Ƙusa ce da sifirin ke turawa cikin rami a jikin firam. In firam ya goce da 'yan milimita, sai ta daki gefen ramin, ka ji ƙas kamar ta shiga alhali ba ta shiga ba. Bayan an daidaita firam a sake duba ta, a fitar da ƙasar da ta cika ramukan, a ga ko sifirin ya mutu ko sandar da ke zuwa hannu ta lanƙwashe. Amma ko ta dawo tana kamawa kamar sabuwa, ni ban yarda ka dogara da ita kaɗai ba. A huda rami ɗaya da zai ratsa gefen tiren da firam ɗin lokacin da yake rufe, a yi masa ƙusar ƙarfe mai kaurin milimita 12 da 'yar sarƙa don kada ta ɓace. Sai an zare ta da hannu tiren zai motsa. Tana kuma hana shi kai-komo a hanya, domin tiren da bai kulle ba duk birkin da ka taka gaba yake dukan bodi, duk tashin da ka yi baya yake dukan ƙofa. Wannan aiki na mai walda ne, kuma a ƙasa ake yinsa bayan an sauke tiren, ba a kan tankin mai ba.

Ka ga na kawo ka wurin Yaya.

Kada ka kai wa wani a ɓoye. Mai sana'a ya san hannunsa. Ranar da ya leƙa bodin ya ga notocin da ba nasa ba, zai gane, kuma abin da zai ji ya fi na a ce masa aikin na da gyara, domin zai san ka ɗauke shi mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya. Kada kuma ka aika matarka. Magana ce ta aiki tsakanin maza biyu, in ta bi ta cikin gida sai ta koma maganar dangi, ita kuma ta rasa inda za ta tsaya.

Kuma in ka duba da adalci, ba shi kaɗai ke da kaso ba. Kai ka kawo masa abu ba takarda ba notoci. In har LBS aka rubuta, kai ka karanta laba a matsayin kilo. Shi ya ɗaura shi kamar yadda ake ɗaura abin da zai zauna wuri ɗaya, ya gwada ba kaya ya ga yana tafiya sumul, ya sallame ka. Mai yin ƙofa da taga da tankin ruwa ba kullum yake haɗuwa da ƙarfen da nauyi ke fizgowa sama ba. Wannan ba rashin iya aiki ba ne, kuma ba sai ka yi ƙarya ba kafin ka sami bakin magana. Ka je shagonsa da motar da baturan a ciki, bayan kun gaisa ka ce: "Yaya, tiren nan ya buge yarona a gangare. Na bincika, ashe ƙarfinsa bai kai yadda na gaya maka ba, kuma an ce robar nan ba ta barin noti ya zauna. Don Allah zo ka gani da idonka, ka ba ni shawara." A fili mai lebur, kowa ya tsaya a gefe, ka jawo shi a hankali zuwa inda yake cijewa, ya ga gaban yana ɗagawa. Mutumin da ya wuni yana yi maka aiki kyauta ba zai ga haka ya ce a bar shi ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Kayan gyaran kai za ka saya, notoci da fallen ƙarfe da fenti da boris. Wannan karon kuma kada aikin ya tafi a kyauta. Idan ya ƙi karɓar kuɗi a hannunka, kuma zai iya ƙi, ka sallami yaransa da kyau, ka aika wa gidansa da abin da ya dace. Idan kuwa ya duba ya ce ba abin da ya samu tiren, to a nan take, a gabansa, ka ce masa hankalinka bai kwanta ba saboda yaron, za ka kai wa masu aikin bodi su ƙara dubawa. Ya ji daga bakinka.

Sayarwa ban ba ka shawararta ba, sai in kun sauke shi kun ga layin ya tsage ko ya lanƙwashe har ba ya miƙuwa. In haka ne ma, ka gaya wa mai saye aibinsa. Bayanka kuwa shi ne jarinka. Mutumin da zai shekara yana sunkuyawa a cikin bodi yana jan batir mai kilo 60 ba zai daɗe a sana'ar ba, don haka tunanin da ya sa ka sayi tiren daidai ne.

Bayan an gyara, sai ka canja yadda kake lodi. Batura su koma can gaba kusa da kan mota, a tsakiya, ƙananan kaya a bakin ƙofa. Yawancin tirorin nan suna fitowa kamar kashi uku cikin huɗu na tsawonsu, saboda haka abin da ke gaba zai zo maka kusa da ƙofa, ka ɗauke shi ta gefe, nauyin kuma bai bar kan notoci ba. Motar ma ta fi zama a hanya idan nauyin na gaba da tayoyin baya. Ka shimfiɗa katako ko roba a kan tiren, baturan su tsaya a tsaye a ɗaure da bel, a rufe kawunansu, domin sifana ɗaya in ta faɗa tsakanin kan batir da ƙarfe wuta za ta tashi. Ka kuma tuna cewa abin da Hilux ke ɗauka, kusan tan ɗaya, ya haɗa da kai da yaranka da tiren kansa, wanda shi ma nauyi ne mai yawa.

A gidan da ke da gangare, in ba ka sami lebur ba, gara gaban motar ya kalli ƙasa, ka ja hambirki, ka sa giya, ka sa weji. A haka tiren ciki zai so komawa, sai a kula da yatsu, a tabbatar sakata ta kama kafin a saki. Ka koya wa yaranka cewa ba a tsayawa a bayan tire, a gefe ake tsayawa, kuma ba a zare ƙusar sai hannu ɗaya na riƙe da shi.

Ranar gwaji ku fara da shi ba kaya, sau goma ciki da waje. Sai batir ɗaya, sai biyu, sai huɗu, Yaya na tsugune yana kallon notocin gaba ta gefe, kai kana ja. Idan komai ya zauna, ku ja layin fenti ɗaya da zai ratsa kan kowane noti zuwa jikin firam. Bayan mako guda na shiga gargada ka duba: layin da ya goce, notinsa ya saki, a sake ɗaure shi. Ka rubuto mini yadda kuka yi, da yadda ƙafar yaron take.